Alhaji, Ƙusa Ɗaya Ba Ta Rushe Gida

Masu gidajen haya, ku gyara zama, yau da ku zan fara. 'Yan haya kuma kada ku yi saurin tafi, naku kason yana kan wuta.

Akwai wata ƙasa can bayan Ostireliya da ake kira Niyu Zilan. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 5, tumakinta kuwa sun ninka su nesa ba kusa ba. A shekarar 2020, zamanin Firaminista Jacinda Ardern, majalisar ƙasar ta yi wa dokar haya ta 1986 kwaskwarima. Cikin abin da aka ƙara har da wani sashe da ya fara aiki ranar 11 ga Fabrairu, 2021, wanda ya ce idan ɗan haya ya nemi yin ɗan ƙaramin gyara a gidan da yake biya wa kuɗi, mai gida ba shi da ikon hana shi. Ya kafa ƙusa ya rataye hoto, ya sa labule, ya kafa kanta, ya ɗaura eriya, ya haɗa injin wanki, ya sa 'yar ƙofar da za ta tare yaro mai rarrafe daga faɗowa daga bene. Kurma ma yana iya sa ƙararrawar gobara mai walƙiya, tunda mai ƙara ba ta yi masa amfanin komai.

Na ga bakinka yana motsi, Alhaji. "Majalisa guda, da albashinta da alawus, ta rasa abin tattaunawa sai ƙusa? Lallai mutanen nan sun ƙoshi."

Sun ƙoshi kam, ba na musu. Amma ƙasar tasu girgiza take yi. Ranar 22 ga Fabrairu, 2011, da tsakar rana, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Christchurch, mutum 185 suka rasu. Hukumomin can kullum kira suke yi a ɗaure dogayen durowoyi da kantocin littattafai a jikin bango, don kada ƙasa ta motsa su rufto wa mutane. To, a ɗaure da me? Da ɗan ƙarfe da sukurori biyu, sukurorin nan kuwa sai sun huda bango. Gwamnati tana cewa ɗaure, mai gida yana cewa kul ka taɓa min bango, ɗan haya yana tsakiya da jariri a hannu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magidantan ƙasar a gidan haya suke, saboda haka ba mutum biyu ko uku ake magana a kai ba.

Kada kuma ka ce ai mu ƙasarmu ba ta girgiza. Yaro ɗan shekara biyu ya isa girgizar ƙasa shi kaɗai. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwa a Amurka, bayan da wasu suka kife kan ƙananan yara suka kashe su. Yaro ya jawo aljihun durowa na ƙasa, ya taka, ya jawo na sama, shi ke nan. Maganin abin sukurori biyun nan ne dai da kake hanawa.

"To, na ji. Amma gidana ne. Da gumina na gina shi, bulo bayan bulo. Lokacin da nake fama da birkila da tsadar siminti, ina ɗan hayar yake?"

Yana can yana tara kuɗin da zai kawo maka, Alhaji. Babu mai jayayya da kai a kan mallaka, takardun fili suna cikin akwatinka. Sai dai ranar da ka ƙirga kuɗin shekara ka miƙa mukulli, akwai abin da ka sayar, kuma sunansa zama. Malaman fiƙihu ma haka suka kalli haya: cinikin amfani ne na wani lokaci sananne, jikin gida naka, morarsa ta wanda ya biya. Suka kuma ce ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba a ɗora masa biyan ɓarna sai in ya wuce gona da iri ko ya yi sakaci. Zama kuwa ba ya yiwuwa babu labule, babu inda za a rataye agogo, babu igiyar shanya. Wanda ya ba da hayar keke ba ya hana mahayi sauke sirdi daidai ƙafarsa, abin da zai ce kawai shi ne a mayar masa yadda yake in an dawo.

Kuma da ka bari na ƙarasa karanta maka dokar kafin ka tashi da faɗa, da ka ga ba a zalunce ka ba. Ba kowane gyara ne suka kira ƙarami ba. Sai wanda ba shi da haɗarin lalata gida, wanda za a iya warwarewa cikin sauƙi, wanda ba ya taɓa ƙarfin gini ko ya buɗe wa ruwan sama hanya, wanda ba ya jefa kowa cikin haɗari ko ya takura wa maƙwabta, wanda kuma ba ya bukatar izinin hukumar gine-gine. Ɗan haya zai rubuto maka. Kana da kwana 21 ka ba shi amsa a rubuce. Kana da damar gindaya sharaɗi mai ma'ana, misali ka ce kada a huda nan saboda wayar wuta ta bi ta wurin, a matsa gefe kaɗan. Kuɗin aikin daga aljihunsa zai fito. Ranar tashi kuma wajibi ne ya mayar da wurin kusan yadda ya same shi, sai fa in kai ka ce a bar maka. In ka hana shi babu dalili, kotun haya tana iya cin ka tarar da ta kai dalar ƙasar 1,500. In shi ya tafi ya bar maka bango da ramuka, shi ma tarar da ke kansa ke nan. Ban da haka akwai kuɗin ajiya da bai wuce na hayar mako huɗu ba, wanda ba ya hannunka ba ya hannunsa, yana wurin hukuma har ranar da za a yi lissafi. Faɗa min tsakaninka da Allah, a ina aka cuce ka?

Hajiya mai gidaje uku ta ɗaga hannu, na gan ki. "Kai ba ka san ɗan haya ba ne. Yau ka ba shi ƙusa, gobe ka zo ka tarar ya fasa katanga ya buɗe shagon cajin waya."

Na san shi, Hajiya, har ƙanensa na sani. Amma ki lura, mai fasa katanga bai taɓa jiran doka ba, kuma ba zai jira ba. Wanda rashin doka yake ƙuntatawa shi ne mai kunya, wanda zai shekara uku yana rataye rigarsa a bayan ƙofa saboda tsoron ki. Amfanin dokar shi ne ta ja layi inda kowa zai gani. Jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda birnin Melbourne yake, ta ja nata ranar 29 ga Maris, 2021, har ta zarce maƙwabtanta. Ta jera abubuwan da ɗan haya zai yi ko sallama bai yi wa mai gida ba: ƙugiyar hoto, ɗaure durowa a bango, canza labule in dai ya adana na asali, sa makullin da ke hana yara buɗe kabad. Sai ta ware bangon bulo ko kankare tsirara wanda ba a rufe da komai ba, ta ce wannan sai an nemi izini.

Kada ki yi guɗa tukuna don kin tuna gidajenki duk na bulo ne. A jeri na biyu, na abubuwan da sai an tambaya, an ce mai gida ba zai ƙi ba sai da hujja. A nan aka sa huda bangon bulon, da yin fenti, da 'yar gadinar kayan miya, da ragar taga mai tare ƙwari. Su da ƙudaje ne babbar damuwarsu sun rubuta raga a doka. Mu da sauro ke kwantar mana da yara duk damina, sai an kai ruwa rana kafin a yarda kafinta ya buga katako a jikin taga.

In kuma ana neman inda abin ya yi nisa, a leƙa Jamus, inda sama da rabin jama'a 'yan haya ne. A can sau da yawa za a ba ka gida kicin ɗinsa fayau, babu kabad, babu wurin wanke-wanke, sai bakin famfo da wayoyi suna leƙe daga bango. Kai za ka sayo naka ka kafa, in za ka tashi ka kwance abinka ko ka sayar wa mai shigowa. Mutumin da aka ce ya kafa kicin guda, wa zai tsaya yi masa lissafin ƙusa? Babbar kotun tarayyarsu da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a 2008 cewa mai gida ba zai tilasta wa ɗan haya kalar fentin da zai zauna da ita ba. Amma a 2013 kotun nan dai ta kama wasu 'yan haya da suka karɓi gida fari tas suka mayar da shi ja da rawaya da shuɗi, ta ce su biya kuɗin gyara, domin masu neman haya da yawa ba za su karɓe shi haka ba. Wato ka yi kalar da ranka yake so muddin kana ciki, ranar fita ka bar wa mutane abin da ido zai iya ɗauka. Faransa ma tun dokar 6 ga Yulin 1989 ta raba abu biyu: ƙawata gida, wanda mai gida ba ya hanawa, da sauya fasalin gida, wanda sai da izininsa a rubuce.

Yanzu ga wasu masu shakkar daban, su dariya ma suke yi. "Malam, duk wannan surutun na Turawa ne. Mu nan wa yake neman izini kafin ya buga ƙusa?"

Gaskiyarku. Duk wanda ya taɓa ganin ranar jere ya san haka. Ango ya kama haya, ya sa an yi fenti da kuɗinsa. Ana jibi ɗaurin aure sai ga mota shaƙe da kaya, ga gwaggwanni da ƙannen uwa da yayyen amarya sun sauko, kowace ta ci ɗamara da mayafinta. An riƙo kafinta da guduma da ƙullin ƙusar kankare a takarda. Gwaggo ta tsaya tsakiyar ɗaki ta nuna sama ta ce, "Nan za a sa ƙarfen labule." Ya buga, ƙusa ta lanƙwashe, filasta ta ɓantare kamar tafin hannu ta faɗo. Ya matsa ya sake bugawa. Wata daga baya ta ce, "Yaya, ai ya karkace, ɗaga na dama." A cire, a sake. Kafin la'asar an kafa madubi, an kafa agogo, an kafa kantar kwanuka, an rufe ɓantararren wurin da hoton Ka'aba. Mai gidan da ya isa ya shigo tsakiyar matan nan ya ce a dakata a kawo takarda, ba a haife shi ba tukuna.

To amma ku biyo ni bayan shekara biyu, ranar da za a miƙa mukulli. An kwashe kaya, an sauke hotuna, bango ya fito da asirinsa. Alhaji ya shigo da ɗan aikensa, yana tafe yana sa yatsa cikin ramuka yana salati. Ya ce sai an yi masa filasta da fenti gaba ɗaya. Ɗan haya ya ce ai da ya shigo ko ƙyauren banɗaki babu, shi ya sa. Babu takarda, babu hoto, babu shaida sai dillali, shi kuwa wayarsa a kashe. Daga nan sai gaban mai unguwa, in an yi rashin sa'a sai kotu. Izinin da ba a nema da farko ba, shi ake biya da faɗa a ƙarshe.

Akwai ma wanda ya fi wannan ciwo. A garuruwanmu ɗan haya ba a ƙaramin gyara yake tsayawa ba, babban ma shi yake yi. Kwano yana yoyo, ya kira mai gida, a ce masa, "Ka gyara, ma yi lissafi." Ya gyara. Ya kira mai walda ya sa ƙarafunan taga saboda ɓarayi. Ya sayi tankin ruwa, ya ja famfo, ya shimfiɗa tayil a tsakar gida don matarsa ta huta da taɓo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ba ya iya jira. Shekara ta zagayo, Alhaji ya leƙo, ya ga gida ya yi fes, ya yi murmushi ya ce, "Ma sha Allah. Ai gidan nan yanzu ya wuce kuɗin da kake biya." Lissafin da aka ce za a yi ke nan: an ƙara masa haya a kan tayil ɗinsa. In ya yi gardama a ba shi notis, wani ya shigo ya taka tayil ɗin a sabon farashi.

Kuma ba wai ƙasar nan ba ta taɓa tunanin abin ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta hana ɗan haya yin sauyi ko ƙari a gida sai da izinin mai gida a rubuce. Ta kuma ce in ya inganta gidan da wannan rubutaccen izini, sannan mai gida ya tashe shi, yana da haƙƙin neman diyyar abin da ya kashe. 'Yan uwanmu na Agege da Idi-Araba, kun ji inda maganar take: a rubuce. "Alhaji ya ce ba komai" ba ya shiga fayil ɗin alƙali. Abin da dokar ba ta yi ba shi ne raba ƙusa da katanga, ta zuba su a kwando ɗaya. A nan ne mutanen ƙasar tumaki suka sha gabanmu.

'Yan haya, na ga kuna ta gyaɗa kai, har wani yana cewa a ƙara masa. To ku matso.

Wane ne yake rataye kalanda da ƙusa mai inci shida? Wane ne ya fasa rabin taga don ya zura na'urar sanyaya ɗaki, da zai tashi ya toshe ramin da kwali? Wane ne ya kafa murhun gawayi a jikin bangon falo har silin ya koma baƙi? Akwai wanda ya hau rufi da kansa zai ɗaura farantin sola, ya huda kwano wuri takwas, damina ta zo ya kira mai gida yana ƙorafin yoyo. Akwai kuma gwanin kwashe-kwashe, wanda ranar tashi yake cewa, "Ni na sa, ni zan cire," ya kwance kan famfo, ya cire soket ya bar waya tsirara, ya ɓalle ƙarafunan taga da rabin bulo a jikinsu. Abin da ka kafa wanda zai fita salin-alin, kamar fanka ko labule, ɗauki abinka Allah ya raka taki gona. Wanda ba zai fita ba sai ya tafi da naman gini, ka yi ciniki a kansa tun kafin ka sa, ko ka bar shi sadaka. Irinku ne suka sa Hajiya take ganin kowace guduma a matsayin sanarwar yaƙi, kuma ba ta yi ƙarya duka ba.

Toshe ramin ƙusa kuwa ba aikin injiniya ba ne. Ɗan kwaɓin filasta a bakin wuƙa, a cusa, a shafe, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a ɗiga fenti. Kuɗinsa bai kai na cefanen yini ba. Mutum ya iya kashe dubbai wajen kafa abu, amma ya kasa kashe ɗaruruwa wajen rufe bayansa, sannan ya zo yana wa'azin haƙƙin ɗan haya.

"Duk mun ji. Amma rubutu tsakanina da Alhaji? Ai sai ya ga kamar ban yarda da shi ba. Mu da amana muke zaune."

Allah ya ƙara amana. Sai dai Alhajin da kuka yi amanar da shi ba zai dawwama ba, kai ma haka. Ranar da ya kwanta dama, magada ne za su zo, kuma babu wanda ya gaya musu kai ka haƙa rijiyar. Ko ya sayar da gidan, sabon mai shi ya zo da lauyansa. Rubutun nan kuma ba sai an je ofishin kowa ba. Ranar karɓar mukulli ka zaga da wayarka ka ɗauki hoton kowane bango, kowace taga, kowane famfo, ka tura wa mai gida ta WhatsApp. Za ka yi gyara, ka rubuta masa layi uku: ga abin da zan yi, ga kuɗinsa, ga yadda za a yi da shi ranar tashi, ko a cire daga haya, ko in tafi da shi, ko in bar maka. Ya amsa da "na yarda," ka adana. In babban aiki ne, a sa hannu a takarda gaban mutum biyu. Mai gidan da wannan zai ɓata wa rai, gara ka san halinsa tun kuɗinka suna aljihunka.

Ku kuma masu gida, ga wani abu da zai ba ku mamaki. A 2023 gwamnati ta canza a Niyu Zilan, Christopher Luxon ya hau, kuma gwamnatinsa ta fi jin kukan masu gidaje. Ta dawo musu da ikon tashin ɗan haya da notis na kwana 90 ba tare da faɗin dalili ba, abin da gwamnatin baya ta soke. Amma sashen ƙananan gyare-gyare ta bar shi inda yake. Ko masu goyon bayanku da suka samu wuƙa da nama ba su ga abin tsoro a jikin ƙugiyar hoto ba. Dalilin a fili yake. Wanda ya kafa kanta, ya sa raga, ya shuka zogale a bayan ɗaki, ba shi da niyyar guduwa da kuɗin wata uku. Shi ne zai kira ka tun tsagewar bango tana ƙarama, domin yana ganin wurin a matsayin gidansa. Wanda ka hana ya taɓa komai, ba zai taɓa komai ba kuwa, har famfon da ke zuba cikin harsashin gininka zai zuba masa ido. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kowa ya sa gida haya ya san za a zauna a cikinsa.

Saura mutum ɗaya da ya laɓe a bayan taro yana murmushi, yana zaton na manta da shi. Malam dillali, fito. Kai ne kake karɓar la'adarka kafin kowa ya kwana a gidan, wani lokaci ma ta hannu biyu. Kai ka ce wa ɗan haya, "Alhaji ba shi da matsala, yi duk gyaran da kake so." Kai ne kuma ka ce wa Alhaji, "Mutumin kirki ne, ko ƙusa ba zai buga ba." Tunda bakinka ya iya faɗin magana biyu a yini ɗaya, hannunka ba zai gaza rubuta guda ɗaya ba. Daga yau kafin ka ƙirga kashi gomanka, zaunar da su biyun, a rubuta abin da ɗan haya zai yi kai tsaye, da wanda sai ya tambaya, da wanda ko ya tambaya ba za a yarda ba. Ka sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, ka rubuta lambar wayarka, wadda take shiga.